Idan yaƙi ya ci jami'a, me ke saura a hannun ɗalibi?

Ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin azumi, faɗa ya ɓarke a Kartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun kar-ta-kwana na RSF. Babbar harabar Jami'ar Kartum tana dab da hedikwatar soja, don haka tun ranar farko ta zama filin daga. Ɗalibai da ma'aikata sun maƙale a ciki kwana da kwanaki, harsashi ya sami ɗalibi guda, abokansa suka binne shi nan cikin harabar saboda babu halin fita da gawa. A kudancin birnin kuma akwai Jami'ar Afirka ta Duniya, inda 'ya'yanmu daga Injamena, Abeshe, Kusiri, Marwa da Garwa suka daɗe suna zuwa neman ilimin shari'a, Larabci, likitanci da injiniyanci. Waɗanda Allah ya kuɓutar sun dawo gida daga su sai kayan jikinsu da wayar hannu. Wasu sun yi shekara uku ko huɗu suna karatu, amma babu takarda mai hatimi ko ɗaya da za su nuna.

Hoton da ya fi yawo a Facebook shi ne na anfi, wato babban zauren darasi, da rufinsa ya rufta ko laburaren da ya ƙone, kuma akwai ban takaici. Sai dai gini kuɗi ke mayar da shi. Babban laburaren Jami'ar Mosul da aka ƙona zamanin mayaƙan IS an sake buɗe shi a 2022. Abubuwan da rayuwar jami'a ta rataya a kansu ba sa fitowa a hoto: rajistar maki, albashin malamai, da jarrabawar da wata ƙasa za ta yarda da ita. Jami'ar da ta tsira da waɗannan, ko a ƙarƙashin rumfa take koyarwa, tana nan da ranta. Wadda ta rasa su ta tashi aiki ko da bangonta bai tsage ba.

Halin da jami'a ke shiga ba iri ɗaya ba ne, kuma haɗa su wuri guda shi ke sa a ba da shawarar da ba ta dace ba. Akwai jami'ar da garinta ke hannun gwamnati amma ana kai hari jefi-jefi, kamar Maiduguri, Marwa da Buya. Akwai wadda garin ya faɗi hannun mayaƙa, kamar yawancin Kartum a 2023, ko Mubi a watan Oktoban 2014, lokacin da ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa suka bi daji wasu har cikin Kamaru. Sai wadda ba a harba ko bindiga ɗaya a ƙofarta ba amma 'yan gudun hijira suka yi mata sallama, kamar Jami'ar Adam Barka ta Abeshe. A yankinmu na tafkin Chadi duka ukun mun gan su.

Tafiyar maki daga takardar amsa zuwa releve

A tsarin LMD (lisans, masta, dakta) da jami'o'in Kamaru da Chadi ke bi, lisans, wato digirin farko, kiredi 180 ne, 30 a kowane zango. Kiredi shi ne ma'aunin nauyin darasin da ɗalibi ya ci. Kowane darasi yana da CC, gwajin tsakiyar zango, wanda a yawancin tsangayoyin Kamaru yake ɗaukar kashi 30 cikin 100, sai babbar jarrabawa mai kashi 70, sai ratrapaj, zama na biyu ga wanda ya faɗi. Malami ya gama duba takardu, ya cika jerin maki da hannu ko a kwamfutarsa, ya miƙa wa shugaban sashe. A shigar da su manhajar tsangaya, juri, wato kwamitin malamai, ya zauna ya tabbatar, a buga PV, takardar da ke ɗauke da sakamakon zaman, mambobi su sa hannu, a liƙa kofi a allo. Releve, wato takardar makin da ɗalibi ke karɓa a tagar sikolarite, ofishin rajistar ɗalibai, daga wannan PV ake ciro shi. Idan PV ya ɓace, kuma bayanan kwamfuta suka bi shi, to a idon doka ɗalibin bai taɓa zama ajin ba.

Duk ranar da yaƙi ya faɗo, makin zango guda cur yana kan hanya. Takardun amsa suna cikin kabad ɗin malami ko bayan motarsa, wasu makin suna kwamfutar hannunsa, juri bai zauna ba. Wannan zangon kusan kullum asararsa ake yi, sai a sake shi. Babbar musiba ita ce ta shekarun baya. A jami'o'i da yawa duk tarihin ɗalibai yana cikin kwamfutar ajiya guda ɗaya, a ɗaki mai sanyi kusa da ofishin shugaban tsangaya, kuma faifan da aka kwafe bayanan a kansa yana cikin aljihun teburin wannan ɗakin, kamar manomin da ya zuba abincin shekara da irin shuka a rumbu ɗaya. Masu wawaso kuwa kwamfuta, batir, farantin sola da na'urar sanyi suke fara ɗauka. Takarda ba ta da kasuwa, amma ana hura wutar girki da ita, abin da ya saura damina ta gama da shi ta tagar da aka ɓalle.

Maganin ba shi da tsada, abin da ke sa sakacin ya fi ciwo ke nan. A ɗauki jami'a mai ɗalibai 30,000, kowane ɗalibi yana da shafi 20 a fayil ɗinsa. Idan aka ɗauki hoton kowane shafi da na'urar sikana, fari da baƙi, bai cika wuce kilobait 300 ba. Jimilla gigabait 180 ke nan, faifai ɗaya mai terabait 1 da zai shiga aljihun riga ya ɗauke shi har da ragowa. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce kofi uku: ɗaya a jami'a, ɗaya a wani gari mai nisa, ɗaya a ma'ajiyar intanet a kulle da kalmar sirri. Na Marwa ya kwana a Ngaundere ko Yawunde, na Abeshe a Injamena ko Mundu. A sabunta bayan kowane zaman juri, kuma sau ɗaya a zango a gwada buɗe kofin a wata kwamfuta daban, don faifan da ba a taɓa gwadawa ba sau da yawa ranar buƙata ake gane babu komai a cikinsa.

Wurare biyu ake yawan yin tuntuɓe. Na farko, kalmar sirri tana kan mutum ɗaya, injiniyan kwamfuta. Idan ya gudu, ko aka kama shi, ko ya riga mu gidan gaskiya, bayanan suna nan amma babu mai buɗewa. Aƙalla jami'ai uku ya kamata su riƙe ta, a rubuce cikin ambulan mai hatimi. Na biyu, lambar tabbatarwa da ma'ajiyar ke turowa ta saƙon waya. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain, Sudani da MTN duk sun ɗauke a Sudan. Wanda ya ɗaure asusunsa da layin Sudan kaɗai, ko yana zaune lafiya a Alƙahira saƙon ba zai iso shi ba. Don haka ake buga lambobin ko-ta-kwana a takarda, a ajiye tare da kalmar sirrin.

Sai hatimi da fararen takardun diploma masu lamba. In aka wawashe su, dole jami'a ta sanar da ma'aikatar ilimi da ofisoshin jakadanci lambobin da ta soke, da gaggawa. In ba haka ba, 'yan jabu za su cika kasuwa da su, zargi ya hau kan duk wanda ya gama a waɗannan shekaru, mai gaskiya da maƙaryaci. Yukiren ta sami sauƙi a nan domin tun kafin yaƙi tana da rumbun bayanai ɗaya na ƙasa, EDEBO, da ake rajistar ɗalibai da takardun shaidarsu a ciki. Jami'a ta ƙone a Mariyupol, ana iya tabbatar da diploma daga Kiyef.

Ɗalibi shi ma da nasa aikin. Al'adarmu ita ce a bar releve sai an gama lisans a karɓa gaba ɗaya, saboda layi da je-ka-ka-dawo. A yanki irin namu wannan ganganci ne. A karɓi na kowace shekara da zarar ya fito. A ɗauki hoton takardar bak ta kammala sakandare, katin ɗalibi, rasiɗin kuɗin rajista da kowane releve, a tura wa kai ta imel, a tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari. Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne manhajar darussa, takardar da ke bayyana abin da aka koyar a kowane darasi da yawan sa'o'insa. Ita kwamitin daidaita takardu ke fara nema, don maki 14 cikin 20 ba ya gaya musu abin da aka karanta.

A rufe ko a ci gaba?

Ban da rufewar wucin gadi da ta yi a Yulin 2011, Jami'ar Maiduguri ta ci gaba da karatu cikin rikicin Boko Haram, kuma ta biya da jini. Ranar 16 ga Janairu, 2017, ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a masallacin rukunin gidajen malamai da asuba, Farfesa Aliyu Mani na tsangayar likitancin dabbobi yana cikin waɗanda suka rasu. A shekarar aka haƙa rami mai tsawon kilomita 27 a gefen harabar da ke kallon daji, don hana shigowa ta baya. A watan Yuli kuma aka yi wa ayarin masu binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri, aka kashe wasu ma'aikatan jami'ar, aka sace uku, sai Fabrairun 2018 suka dawo.

Jami'ar Marwa, da aka kafa a 2008, ta fara ne a gine-ginen aro warwatse cikin gari. Bayan hare-haren 22 ga Yuli, 2015, a babbar kasuwa da unguwar Barmare, da na Pont Vert kwana uku bayan haka, karatu ya ci gaba amma yanayinsa ya sauya: bincike a ƙofa, taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ga ɗalibai kuma da acaɓa suke zuwa aji. Darasin yamma shi ya fara shan wahala. Asarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta aikin fili. Tun sace iyalin Faransawa kusa da Waza a Fabrairun 2013, ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da su ƙaurace wa yankin, masu bincike baƙi suka janye, kuɗin haɗin gwiwa ya bi su. Ɗalibin ilimin ƙasa, noma ko zamantakewa da ya kamata ya yi wata biyu a ƙauyukan Mayo-Sava ko Logone-da-Shari sai ya rubuta kundinsa daga cikin gari. Ɗaliban makarantar horar da malamai kuma makarantun da za su je gwajin koyarwa a bakin iyaka, irin su Kolofata da Fotokol, da yawa an rufe su.

Hujjar masu cewa a ci gaba tana da ƙarfi. Dubban matasa da aka sallama gida babu karatu babu sana'a, a yankin da masu bindiga ke neman sabbin hannu, haɗari ne na daban. Amma Jami'ar Garissa ta Kenya, inda aka kashe mutum 148 ranar 2 ga Afrilu, 2015, da kwalejin noma ta Gujba a Yobe a Satumban 2013, sun nuna inda rauni yake: ɗakunan kwana, da dare ko da asuba, ƙofa ɗaya, tagogi masu ƙarfe. Jami'ar da ta zaɓi zama a buɗe, aikinta na farko shi ne ƙofar fita ta biyu a kowane ɗakin kwana da kowane anfi, wadda ake buɗewa daga ciki, sai rage cunkoso. Anfi mai mutum 1,000 a raba shi rukuni-rukuni, layin biyan kuɗin rajista a mayar da shi ta waya, sakamako a tura ta intanet maimakon a tara jama'a gaban allo. A Jami'ar Buya, a Nuwamban 2021, cikin anfi bam ya tashi ana tsakiyar darasi.

Batun girke sojoji a cikin haraba kuwa, a ganina kuskure ne ko da niyyar kirki aka yi shi. Da zarar an kafa sansani ko an ajiye makamai a ginin jami'a, ɗaya ɓangaren ya sami hujjar kai masa hari. Wannan ne jigon Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙaddamar a Oslo a 2015, wadda ta haɗa har da jami'o'i, kuma Chadi, Kamaru, Najeriya da Sudan duk sun amince da ita. Tsaro ya tsaya a kewaye da hanyoyin shigowa. Abin da ya faru a Kartum ya nuna cewa sa hannu a takarda ba ya tsayar da kowa ranar faɗa, amma shugaban jami'a da ke son ya ce wa kwamanda a'a cikin ladabi yana buƙatar takardar da zai nuna.

Ƙaura

Idan gari ya faɗi, sai ƙaura. Misalin da aka fi yabawa shi ne na ƙasar Sin: da Japan ta mamaye arewa a 1937, jami'o'in Peking, Tsinghua da Nankai suka haɗe wuri ɗaya, suka zauna a Kunming daga 1938 zuwa 1946, kuma biyu daga ɗalibansu, Yang Chen-Ning da Lee Tsung-Dao, sun ci kyautar Nobel a 1957. Misalan kusa da mu sun fi koyar da abin da ke lalacewa.

Wad Madani ba ta kai kilomita 200 daga Kartum ba. A 2023 can mutane suka kwarara, har da malamai da ɗaliban likitanci da suka ci gaba da horo a asibitocinta. A watan Disamba RSF ta shiga garin, aka wawashe Jami'ar Jazira, waɗanda suka yi gudun farko suka sake na biyu. Haka ya sami Jami'ar Luhansk a Yukiren: ta koma Starobilsk a 2014, cikin lardin da ake faɗa, sai ga shi a 2022 ta sake tattara komatsai zuwa Poltava. Kusa ya fi arha, ya fi daɗin rai don ana ganin gobe za a koma, amma wurin da mota za ta kai mayaƙa cikin yini ɗaya ba mafaka ba ne.

Ƙaura kuma tana buƙatar doka a rubuce, wadda ta ce suna, hatimi, asusun banki da ikon ba da diploma sun bi waɗanda suka fita. Jami'ar Donetsk ta koma Vinnytsia a 2014, wasu malaman suka ƙi tashi, aka wayi gari da jami'o'i biyu, kowace tana cewa ita ce ta asali, kuma gwamnatin Yukiren ba ta karɓar takardar wadda ta zauna. Ɗalibin da ya zauna don kula da tsohuwarsa shi ya kwana a ciki. Sannan abin da aka kira na wucin gadi yakan daɗe. Jami'ar Buwake ta Kodebuwa ta koma Abijan bayan tawayen 2002, ta shafe kusan shekara goma a can. Jami'ar Juba ta koma Kartum a 1989, ba ta dawo gida ba sai 2011, kuma malamai da ɗalibai 'yan arewa da suka yi saura su aka tara aka kafa Jami'ar Bahri da su.

Darasi ta waya, jarrabawa ido da ido

Karatu ta intanet shi kowa ke fara ambata, kuma yana aiki matuƙar an gina shi a kan wayar talaka. Sa'a ɗaya ta darasin bidiyo kai tsaye tana cin megabait 500 ko fiye, tana kuma buƙatar kowa ya sami layi da caji a lokaci ɗaya. Sa'a ɗaya ta murya, in aka matse ta, ba ta wuce megabait 15 ba. Abin da ya fi riƙe ɗalibai shi ne malami ya naɗi murya gutsure-gutsure na minti 10 zuwa 15, ya haɗa da takardar PDF mara nauyi, a zuba a zauren Telegram ko WhatsApp. Mutum ɗaya ya sauke inda ya sami layi, ya raba wa goma ta Bluetooth ko filash. Wa'adin miƙa aiki ya zama mako, kada ya zama sa'a. Mu a Kamaru mun san intanet ba abin dogaro ba ne: daga Janairu zuwa Afrilun 2017 an yanke shi wata uku a yankunan masu Turancin Ingilishi. A Gaza, inda babu jami'ar da ta tsira daga rugujewa ko mummunar ɓarna, da irin wannan dabara aka koma karatu a 2024, ɗalibai suna takawa neman wurin caji da sigina.

Abin da waya ba ta iya ɗauka shi ne TP, wato darasin aikin hannu. Ba a koyon ɗinkin rauni, awon ƙasa ko haɗa sinadari ta saƙon murya. Shi ya sa wata jami'ar likitanci mai zaman kanta ta Kartum, UMST, ta kwashi ɗalibanta na shekarun asibiti zuwa Ruwanda da asibitin Muhimbili na Tanzaniya a 2023. Wannan hanya ce ta masu hali. Ga sauran, abin da ya dace shi ne a gabatar da darussan ƙa'ida, a jinkirta na aikin hannu, a rubuta a releve ƙarara cewa kiredin TP bai cika ba. Jami'ar da ta rufe ido ta ba da makin aikin da ba a yi ba, ranar da hukumar likitoci ta wata ƙasa ta gano, duk 'yan shekarar za ta ƙi.

Jarrabawa ita ce inda mutuncin takarda yake, don haka jami'o'in Sudan da dama suka koyar ta intanet amma suka buɗe cibiyoyin jarrabawa a garuruwan da ke da sauƙi kamar Port Sudan, Kasala da Atbara, da kuma Masar da Saudiyya. Tsarin da ke riƙe amana ga shi: a tura wa cibiya sunayen masu zama da hotunansu tun da wuri, tambayoyi su iso a fayil a kulle, kalmar buɗewa ta zo saura kamar rabin sa'a, a buga nan take, kowa ya fara a lokaci ɗaya, ana lura da cewa ƙarfe 9 a Injamena ƙarfe 10 ne a Port Sudan, 11 a Riyad, in lokaci ɗaya ya gagara, a shirya tambayoyi kala biyu, a ɗauki hoton takardun amsa a tura a ranar, na asali a kulle a cibiyar. Inda aka saba samun ɓaraka shi ne wurin bugawa, idan firinta ta ƙare tawada aka aiki yaro shagon kwafi na bakin titi.

Tsarin yana da waɗanda yake zubarwa. Ɗalibin da ke Darfur ba zai ratsa fagen daga ya je Port Sudan ba, kuma tun Yunin 2023 Masar ta wajabta biza a kan kowane ɗan Sudan. Mata sun fi shan wannan, don iyaye ba sa barin budurwa ta yi tafiyar kwana uku a irin wannan hanya. In ba a tanadi zama na biyu da na uku ba, jarrabawar ta koma gwajin kuɗin mota.

Malamai su ma mutane ne masu iyali. A Sudan albashi ya tsaya watanni, da ya dawo wani kaso ake biya, ga fam, kuɗin ƙasar, ya zube daga kusan 600 a dala ɗaya kafin yaƙi zuwa sama da 2,000 a kasuwar bayan fage a 2024. Waɗanda suka fi saurin samun aiki a ƙasashen Larabawa su ne likitoci, injiniyoyi da manyan farfesoshi, wato waɗanda ke duba kundin dakta. Shugabancin da ya yi barazanar korar duk wanda bai dawo ba, rasa su yake yi har abada. Wanda ya ba da hutu a rubuce, ya bar sunan mutum a jerin ma'aikata, ya roƙe shi darasi ɗaya a zango da duba ɗalibai biyu daga inda yake, yakan riƙe rabin amfaninsa.

Ɗakin gwaje-gwaje kuwa da wutar lantarki yake numfashi. Firizar da ke riƙe samfuri a digiri 80 ƙasa da sifili, in janareta ya mutu, cikin sa'o'i take fara ɗumi, aikin shekaru ya narke. Cibiyar binciken cutar maisetoma da ke Soba, ta Jami'ar Kartum, ta yi asarar samfuran da ta tara shekaru da dama. Waɗanda suka tsira su ne masu ajiya a waje. Cibiyar binciken noma ta ICARDA ta bar Halab ta Siriya, a 2015 ta karɓo irin da ta ajiye a rumbun Svalbard na Norway ta sake shukawa a Labanan da Maroko. Dawa da geron Sudan ma an kai wani kaso rumbun Svalbard ɗin.

Mai masaukin baƙi

Zuwa tsakiyar 2025, 'yan Sudan sama da 800,000 ne suka tsallako gabashin Chadi tun farkon yaƙin, akasari ta Adre, kuma cikinsu akwai ɗaliban jami'o'in Janaina, Nyala, Zalinje da Fashir. Chadi tana da abin da Kamaru ba ta da shi: Larabci harshen hukuma ne, ana karatu da shi a Abeshe da Jami'ar Sarki Faisal ta Injamena, kuma dokar mafaka ta Disamban 2020 ta ba ɗan gudun hijira haƙƙin neman ilimi. Amma a tagar rajista zancen yakan tsaya a wuri ɗaya.

"Ɗana, ina takardar shekara ta biyu?"

"Ranka ya daɗe, tana can. Ga dai hoton katina a waya."

Ma'aikacin ba mugu ba ne. An ce masa kada ya karɓi fayil sai da takardar asali da ONECS, ofishin jarrabawa na Chadi, ya tantance, ita kuma tantancewa tana buƙatar a tambayi jami'ar da ta bayar, jami'ar da yanzu babu mai ɗaga waya a cikinta. Ga bambancin tsari: digirin Sudan shekara huɗu ne ko biyar, lisans uku. Wanda ya gama shekara biyu a can, a wane zango za a sa shi a nan?

Hanyar da ƙwararru suka fi yarda da ita, wadda UNESCO ta gina fasfonta na shaidar karatu a kai, ita ce a tattara duk abin da ya samu, kati, rasiɗi, hoton allo, saƙon malami, sannan malamai biyu ko uku na fannin su zauna da ɗalibin su yi masa tambayoyi: wane littafi kuka karanta, me kuka yi a ɗakin gwaji, warware mana wannan. Wanda ya yi karatun, minti 30 sun isa a gane. Sai a ba shi rajista ta sharaɗi, ya zauna zango ɗaya, in ya ci kiredi 30 ɗinsa a tabbatar da shi. Yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014 kan amincewa da takardun karatu a Afirka ta buɗe ƙofar irin wannan, saura kowace majalisar jami'a ta rubuta nata ƙa'idar, don ma'aikacin taga ba zai yi abin da ba a rubuta masa ba. Kuɗi kuma wani shinge ne. Jaka 50 ta sefa da ake biya a shekara a jami'o'in gwamnatin Kamaru ba ta da yawa a ido, amma ga wanda ke sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo dukiya ce, kuma tallafin karatu na DAFI da Jamus ke ɗaukar nauyi tun 1992 kaɗan yake kaiwa cikin masu nema.

Komawa gida ma aiki ne mai tsari. Injamena ta taɓa ganin haka: Jami'ar Chadi da aka buɗe a 1971 ta durƙushe a faɗace-faɗacen 1979 da 1980, lokacin da mutanen birnin suka tsallaka kogi zuwa Kusiri, sai farkon shekarun 1980 ta farfaɗo. A Kartum, bayan sojoji sun karɓe birnin a Maris ɗin 2025, abin da aka tarar shi ne harsasai da rokokin da ba su fashe ba, da wayoyin lantarki da aka tone don jan ƙarfensu. Masu kwance bam ke fara shiga, sai ruwa da bayan gida, sai wuta, sannan a kira ɗalibai. Daga nan rukuni biyu ko uku na sabbin shiga za su taru a aji ɗaya, a matse zango, a cinye hutu, kalanda ta yi shekaru kafin ta daidaita. 'Yan Chadi da yajin aiki ya saba ja musu shekarar karatu ɗaya ta zarce watanni 12 sun san yadda abin yake.

Waɗanda ba za su dawo a zangon farko ba suna da yawa: wadda aka aurar, wanda ya zama mai ciyar da ƙannensa, wanda ya kama sana'a a Adre ko Kusiri. Ƙa'idojin jami'a galibi suna korar wanda ya yi shekaru bai sabunta rajista ba, ko ya wuce adadin shekarun da aka yanka wa lisans. Sai majalisar jami'a ta zauna ta rubuta cewa shekarun yaƙi ba sa cikin lissafi, kiredin da aka ci yana nan daram, kuma mai dawowa ba zai biya kuɗin shekarun da bai zauna aji ba. A liƙa wannan a sikolarite, a karanta shi a rediyo da Larabci, Faransanci, Fulatanci da Hausa.